Hatimi Amana Ne: Nasiha ga Matasan Injiniyoyin Gini

'Ya'yana matasan injiniyoyi, maza da mata: Na daɗe ina lura da yadda kuke fitowa daga jami'a da zafin nema, kowa na ɗokin ranar da hukumar COREN za ta yi masa rajista, a liƙa "Injiniya" gaban sunansa, a miƙa masa hatimin da zai riƙa bugawa a kan zane. Wannan buri ba aibu ba ne. Wanda ya sha wuyar lissafi shekara biyar, ya ƙara da shekarun koyon aiki a hannun wani, ya cancanci a kira shi da sunan da ya yi wa gumi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasu halaye biyu da nake gani suna rakiyar wannan buri: gaggawar yin suna tun aiki bai nuna ba, da rowar sani, wato mutum ya ƙudundune ɗan abin da ya iya don kada na kusa da shi ya kamo shi. A wasu sana'o'in, mai irin wannan hali kansa kaɗai yake cuta. A sana'ar tsara ginin da zai jure girgizar ƙasa kuwa, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ake tonowa daga ƙarƙashin ɓaraguzai.

Ku fara da gane irin sana'ar da kuka shiga. Likita yakan ga sakamakon maganinsa cikin kwanaki, manomi yakan ga nasa da kaka. Injiniyan da ya tsara bene don ya tsaya ranar girgiza yana iya yin ritaya, har ya koma ga Mahaliccinsa, ba a jarraba aikinsa ba. Yawancin kundayen ƙa'idojin gini na duniya suna sa a yi lissafi ne da girgizar da ake tsammanin irinta sau ɗaya a kimanin shekara 475. Ke nan babu injiniyan da tsawon ransa zai ishe shi ya koyi wannan ilimi daga abin da idonsa ya gani. Ginin kirki da ginin banza duk a tsaye suke, duk da fentinsu da tayil ɗinsu, har ranar da ƙasa za ta motsa na 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka duk abin da muka sani a wannan fanni gado ne. Wani gari ya rushe, wasu suka shiga kangon da littafi da abin awo da kyamara, suka rubuta abin da suka tarar, suka ba duniya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ku bi silsilar ku gani. Bayan girgizar Messina ta Italiya a ƙarshen Disambar 1908, wadda ta hallaka dubun dubatar mutane, kwamitin injiniyoyin da aka kafa ya ba da shawarar a riƙa ɗaukar wani kaso na nauyin gini a matsayin ƙarfin da zai ture shi ta gefe. A Japan ma Toshikata Sano ya zo da irin wannan lissafi, ɗalibinsa Tachu Naito ya ƙara da bangayen kankare masu rodi da ke tokare gini tun daga tushe har sama. Da girgizar Kanto ta 1 ga Satumbar 1923 da gobarar da ta biyo ta suka cinye Tokiyo da Yokohama, mutum sama da 100,000 suka mutu, gine-ginen Naito sun fita da ɗan rauni kaɗan, ciki har da hedikwatar Bankin Masana'antu na Japan. Naito malami ne a Jami'ar Waseda, kuma ya riga ya rubuta dabararsa ya koyar da ita tun kafin ƙasa ta gaskata shi. Shi ya sa a 1924 dokar ginin Japan ta samu abin dogaro, ta wajabta a lissafa kashi ɗaya cikin goma na nauyin gini a matsayin turin girgiza.

A Amurka, girgizar Long Beach ta 10 ga Maris 1933 ta rusa makarantu da dama. Allah Ya taƙaita, da yamma ta zo, yara sun riga sun tashi. Cikin wata guda majalisar Kalifoniya ta zartar da dokar da ake kira Field, wadda ta ce duk zanen makarantar gwamnati sai ofishin jiha ya duba shi, kuma sai an sa mai sa ido a wurin aikin har a gama. A 1940 wata na'ura a garin El Centro ta naɗi yadda ƙasa ta motsa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ba a kulle wannan naɗi a durowa ba. Shekaru da yawa injiniyoyi a Amurka da Japan da sauran ƙasashe da shi suke gwada lissafin dogayen benayensu. A 1956, shekara 50 bayan girgizar San Francisco, aka yi taron duniya na farko na injiniyoyin girgizar ƙasa a Berkeley. Ku lura da shekarar: shekara 11 kacal da ƙare yaƙin da Amurka da Japan suka gwabza, amma injiniyoyinsu suka zauna ɗaki ɗaya suna buɗe wa juna littattafai. Taro na biyu a Japan aka yi shi a 1960, a 1963 kuma aka kafa ƙungiyar duniya ta wannan fanni a Tokiyo.

Na san wani zai ce a ransa, Baba, mu ina ruwanmu da girgizar ƙasa? Gaskiya ne Allah Ya sa mana sauƙi, yankinmu ba ya bakin manyan tsagogin ɓawon duniya kamar Japan ko Turkiyya ko Chile. Amma Akara ta girgiza ranar 22 ga Yunin 1939, mutum 17 suka rasu, gidaje da yawa suka lalace. A Disambar 1983 girgiza ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini. Mutanen Kwoi a Jihar Kaduna sun ji ƙasa ta motsa a 2016, na Mpape a Abuja sun ji a 2018. Da yawa daga cikinku kuma karatu ko aiki zai kai ku Turkiyya ko Indiya ko Maroko. Sannan ku tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwambar 2021, ya kashe sama da mutum 40: babu girgizar da ta taɓa shi. Inda gini ke faɗuwa ƙasa na zaune lafiya, nan ne darasin masu girgiza ya fi zama dole, domin halayen da ke tsare gini ranar girgiza su ne ke tsare shi kullum.

Farkon abin da zan roƙe ku shi ne ku san iyakar saninku, ku kuma faɗe ta da bakinku kafin gini ya faɗe ta a madadinku. Ranar 22 ga Fabrairun 2011 da rana tsaka, girgiza ta kashe mutum 185 a birnin Christchurch na Niyu Zilan. Daga cikinsu, 115 a gini ɗaya suka mutu, wani bene mai hawa shida da ake kira ginin CTV, wanda ya zube cikin daƙiƙoƙi sannan ya kama da wuta. Da yawa cikin mamatan ɗalibai ne daga Japan da Sin da Filifin da wasu ƙasashen Asiya, waɗanda suka zo koyon Turanci a wata makaranta da ke ciki. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta fitar da rahotonta a 2012, kuma abin da ke cikinsa ya kamata kowane ɗalibin injiniya ya sani. A 1986 aka tsara ginin. Injiniyan da ya yi lissafin ba shi da gogewar da irin wannan bene ke buƙata, maigidansa mai kamfanin kuma ya sakar masa aikin bai bi diddigi ba. Hukumar birni ta ba da izini alhali zanen bai cika ƙa'idar lokacin ba. A 1990 wasu injiniyoyi da aka sa su duba ginin saboda wani mai son saye suka gano cewa haɗin dekin da bangon arewa, wanda shi ke riƙe da ginin, ba shi da ƙwari. Aka yi gyara a 1991, amma a hawa uku na sama kawai. Shi kansa manajan da ya kula da aikin ginin, daga baya aka gano da sunan wani mutum ya samo takardunsa na injiniya.

Ga abin da ya fi ciwo. A Jami'ar Canterbury da ke cikin wannan birni ne Robert Park da Thomas Paulay suke koyarwa a lokacin, kuma tun 1975 suka fitar da littafinsu kan gine-ginen kankare mai rodi, wanda har yau ake karantawa a duniya. Su ne suka yaɗa tsarin da ke cewa injiniya shi zai zaɓa wa gininsa wurin da zai ji rauni: a bar bim ya lanƙwasa ya shanye ƙarfin girgiza, a ƙarfafa fila da mahaɗarta yadda ba za su karye ba. Dalili kuwa, in bim ya tsage ɓangare ɗaya ya shafa, in fila ta karye duk abin da ke samanta ya sauko. Ilimin yana cikin gari, tafiyar 'yan mintoci a mota, amma bai kai teburin da aka zana ginin yadda ya kamata ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ɗana, in an ba ka aikin da ya fi ƙarfinka, ka ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa yin irinsa ba, a haɗa ni da wanda ya taɓa." Wannan magana ba za ta rage ka a idon mai hankali ba. Ranar da kai ma ka zama maigida, kada ka sa hannu a lissafin da ba ka karanta ba, ko da yaronka ne da ka fi yarda da shi ya yi.

A nan ne zancen hayar hatimi ya shigo. Na ga matasa da rajistarsu ba ta bushe ba, ɗan kwangila ya kawo musu zanen da wani ya yi, su buga hatimi su karɓi na cefane, ba su san inda filin yake ba, balle irin ƙasar da ke wurin. Na san matsin da ke kai mutum ga haka: haya, kuɗin makaranta, iyaye a gida. Amma ku sani hatimin nan shaida ce, mai shi yana cewa na duba, na gamsu, a shiga a kwana. Kuɗin zai ƙare cikin mako, shaidar kuwa tana nan a fayil ɗin hukuma muddin ginin na tsaye, kuma ita za a fara nema ranar da ya faɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abu na biyu, ku so a duba aikinku. Wanzami ba ya son jarfa, haka injiniya: yana jin daɗin jan biro a zanen wani, amma in aka ja a nasa sai fuska ta canza. Japan, duk da tsananin ƙa'idarta, ta ga illar wannan. A Nuwambar 2005 aka bankaɗo cewa wani mai lasisin zane, Hidetsugu Aneha, ya daɗe yana murɗa lissafin juriyar girgiza na gidajen haya da otal-otal masu yawa don a rage rodi, kuɗin gini ya sauka. Wasu gine-ginen ba su kai rabin ƙarfin da doka ta nema ba. Takardun sun bi ta hannun masu tantancewa sun wuce, domin tulin shafukan da kwamfuta ta buga yana da kwarjini, mai dubawa sai ya leƙa shafin ƙarshe ya ga an ce lafiya. Aka kwashe iyalai daga gidajen da suka ci bashi suka saya, aka rushe wasu, aka ƙwace lasisinsa, kotu ta ɗaure shi shekara biyar. A 2007 Japan ta gyara dokarta, ta ce lissafin manyan gine-gine sai wani masani na daban ya sake bin sa.

Darasin nan kashi biyu ne. In kai ne mai zane, ka kai aikinka ga wanda ba ya jin kunyarka, ka gode masa in ya samo kuskure, domin kuskuren da aka kama a takarda gyaransa gogewa ne da sake rubutu. In kai ne mai dubawa, kada kwarjinin manhaja ya rufe maka ido. Ɗauki fensir ka ƙiyasta nauyin ginin da hannu, ka bi hanyar da turin girgiza zai bi daga dekin zuwa bango, daga bango zuwa tushe, ka tambayi kowace mahaɗa ko za ta iya miƙa kayan ga ta gaba. A irin wannan mahaɗa ce aka gano raunin ginin CTV shekara 21 kafin ya faɗi.

Na uku shi ne mafi nauyi a kan rai: in abin da kuka yarda da shi ya gaza, ku faɗa da ƙarfi, kada ku yi masa filasta. Kafin 1994 injiniyoyin Amurka sun sakankance cewa benen ƙarfe da aka yi wa walda a mahaɗar bim da fila shi ne sarkin juriya. Ranar 17 ga Janairun wannan shekara da asuba girgizar Northridge ta afka wa Los Angeles. Benayen ƙarfen ba su faɗi ba, daga waje ma kamar babu abin da ya same su. Sai da aka fasa silin, aka kankare abin da ake fesa wa ƙarfe don kare shi daga wuta, sannan aka ga waldar ta tsage a gine-gine masu yawa, galibi a leɓen bim na ƙasa, wani wurin ma tsagar ta shiga cikin fila. Bincike ya nuna dalilai sun haɗu: ƙarfen waldar da aka saba amfani da shi mai saurin karyewa ne, ɗan falankin ƙarfen da ake sawa a bayan walda a bar shi a wurin ya zama mafarin tsaga, mai walda ba ya samun sararin aiki a leɓen ƙasa, sannan an riƙa amfani da bima-bimai da suka fi waɗanda aka gwada tun farko girma nesa ba kusa ba.

Ku yi tunanin halin da manyan sana'ar suka shiga. Su suka rubuta ƙa'idar, su suka koyar da ita, su suka sa hannu a ɗaruruwan benaye. Da rufa-rufa suka zaɓa, da hanya a buɗe take, tunda ba ginin ƙarfen da ya faɗi. Maimakon haka ƙungiyar injiniyoyin tsarin gini ta Kalifoniya ta haɗa kai da wata cibiyar fasaha da gamayyar jami'o'i, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta ba da kuɗi, aka shafe shekara shida ana karya mahaɗu a ɗakunan gwaji. A 2000 aka fitar da sababbin jagorori, kowa ya ɗauka kyauta. Ɗaya daga cikin mafita ita ce a ɗan yanke gefen leɓen bim kusa da fila da gangan, don lanƙwasar ta faru a can nesa da walda. Kamfanin ƙarfe na Arbed na Lukzambag shi ke da haƙƙin mallakar wannan dabara a lokacin, bayan Northridge ya yafe haƙƙin don kowa ya yi amfani da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma sana'ar ba ta rasa mutuncinta don ta faɗi gaskiya ba. Ƙaruwa ma ta yi.

Ba sai an yi girgiza za ku yi koyi da wannan ba. A Ingila tun 2005 akwai tsarin CROSS, inda injiniya ke kai rahoton kuskuren da ya gani ko hatsarin da aka auna arziki, a cire sunan mutum da na kamfani, masana su yi sharhi, a wallafa kowa ya karanta. Babu abin da zai hana reshen Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya na garinku ya ware zama ɗaya a wata don irin wannan, ba don tonon silili ba, sai don wanda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya shafa wa nasa ruwa.

Na huɗu, ilimin da ya tsaya a ofis mai sanyi bai gama tafiyarsa ba. Turkiyya tana da ƙwararrun malamai da kundin ƙa'ida na zamani, wanda aka sabunta bayan girgizar Izmit ta 1999, aka sake sabuntawa a 2018. Duk da haka girgiza biyu na ranar 6 ga Fabrairun 2023 sun kashe sama da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya. Tawagogin injiniyoyin da suka zagaya kangayen sun riƙa tarar da abubuwa iri ɗaya: kankare marar ƙwari, rodi mai santsi a tsofaffin gine-gine, ringin fila mai faɗin tazara, da hawan ƙasa da aka buɗe don shaguna babu bangon da zai tokare shi. Ga kuma afuwar da gwamnati ta yi a 2018, inda mai ginin da ya saɓa ƙa'ida ke biyan kuɗi a yi masa rajista. Kwatanta Haiti da Chile a 2010 ma ya isa: girgizar Haiti mai maki 7.0 ta kashe sama da mutum 100,000, ta Chile mai maki 8.8, wadda ta ninka ta ƙarfi sau ɗaruruwa, mutum ɗari biyar da 'yan kai ta kashe, domin a Chile ƙa'ida ta sauka daga takarda ta shiga hannun magina.

Ku ɗauki ringi kawai a matsayin misali. In mai ɗaurin rodi ya lanƙwasa bakinsa digiri 90, da zarar kankaren waje ya ɓare sai ringin ya buɗe, rodin tsaye ya turo waje, fila ta murƙushe. In ya ƙara lanƙwasa shi zuwa digiri 135, bakin ya nutse cikin tsakiyar kankare, sai ya riƙe. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma mai ɗaurin ba zai yi ba sai ya san dalili, tunda ta farkon ta fi sauƙin ɗauri. Tun ran gini ran zane: in an zuba kankare magana ta ƙare. A Nefal, ƙungiyar NSET da Amod Mani Dixit ya jagoranta ta shafe shekaru tana ƙarfafa tsofaffin makarantu, tana koya wa maginan unguwa aikin a wurin, da harshensu. Da girgizar 25 ga Afrilun 2015 ta zo, ta kashe kusan mutum 9,000, makarantun da aka ƙarfafa a kwarin Katmandu sun tsaya. Ku kuna da abin da baƙon masani ba shi da shi, kuna jin Hausa. Ku tsuguna kusa da birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi, ku ce masa "Malam" ko "Baba" yadda shekarunsa suka kai, ku nuna masa dalili da hannu. Ku kuma saurare shi, domin wanda ya shekara talatin yana zuba dekin ya san abin da ba ya cikin littafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, ina zancen yabo da ɗaukaka ya kwana? Yana nan, yabon gwani ya zama dole, sai dai ku bambance na gaske da na haya. Akwai lambar yabon da ake rabawa a ɗakin taron otal, wadda mai karɓa ne ke biyan kuɗin allon da na abinci. Wannan ba ta wuce adon bango. Ta gasken a bayan aiki take zuwa. An kammala hasumiyar Latinoamericana mai hawa 44 a birnin Meziko a 1956, a kan laka mai laushi ta tsohon tafki. Leonardo Zeevaert, duk da ƙwarewarsa a sanin ƙasar garinsu, ya yi aikin tare da Nathan Newmark na Jami'ar Illinois a matsayin mai ba da shawara. Hasumiyar ta tsallake girgizar 1957, a lokacin ne aka karrama ta. Ta sake tsallake ta 1985 da ta rusa ɗaruruwan benaye a birnin, ta kuma tsallake ta 2017. Cibiyar binciken injiniyancin girgizar ƙasa ta Amurka, EERI, ta sa wa babbar lambar yabonta sunan George Housner na Caltech, mutumin da aka san shi da hanyar lissafin da ya koya wa duniya da ɗaliban da ya yaye. Ku duba sunayen da na ambata tun daga Naito har Paulay, za ku ga abin da ya haɗa su: abin da suka sani sun sa shi a hannun wasu.

Saboda haka in ɗaukaka ta fara zuwa muku, ku raba ta. Ku rubuta sunan ƙaramin da ya kwana yana lissafi a kan rahoto, ku ambaci mai zana taswira da mai gwajin ƙasa a gaban mai aiki. In dabara ta wani ce, ku ce ta wane ce. Wanda ya cinye yabon yaronsa yau, gobe yaron zai ga kuskure ya yi shiru, kuma shirun nan ne ke kayar da gini. Ke kuma 'yata, na san wani lokaci za ki ba da umarni a wurin aiki a waiga ana neman namijin da zai tabbatar. Kada wannan ya sa ki janye sunanki daga aikinki ko ki sassauta a kan ƙa'ida. Ruth Gordon Schnapp, mace ta farko da ta samu lasisin injiniyan tsarin gini a Kalifoniya a 1959, ta shafe shekaru masu yawa tana duba ginin makarantu ga gwamnatin jihar, kuma yaran da suka zauna lafiya a waɗannan azuzuwa ba su tambayi ko mace ce ta duba ba.

Abin da nake so kowannenku ya ɗauka a bana ba shi da yawa. Ka nemi rahoto ɗaya na rushewar gini, irin na Christchurch ko na Northridge, ka karanta shi daga farko har ƙarshe, sannan ka tara abokan aikinka ka ba su labarinsa. Ka ajiye littafin da kake rubuta abin da ka gani a wurin aiki, da ranarsa da hotonsa, har da abin da bai yi daɗi ba. Ka samu babba ɗaya da kake kai wa lissafinka, da ƙarami ɗaya da kake buɗe wa naka littafin ba tare da ka ɓoye shafi ba. In aka matsa maka ka rage rodi ko ka ƙara hawa a kan tushen da ba a yi don shi ba, ka ƙi a rubuce, ka ajiye kwafi, ka sanar da hukumar da abin ya shafa. Malamanmu sun sha gaya mana cewa ilimi mai amfani yana cikin ayyukan da ladansu ke bin mutum bayan ransa, kuma ban san sana'ar da wannan ya fi fitowa fili kamar tamu ba, tunda wanda zai tsira a ginin da ɗalibin ɗalibinka ya tsara wataƙila ba a haife shi ba tukuna.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku suna mai tsabta da halaliyar da za ta ishe ku, Ya tsare hannuwanku daga sa hannu a kan abin da zai cuci bayinSa. Amin.